Lissafin Kifin Salmon: An Gyara Rafuka, Shin Kifi Ya Komo?

A cikin shekarar 1992, can cikin duwatsun jihar Aidaho ta ƙasar Amurka, waɗansu ma'aikatan gwamnati masu lura da kifi suka kafa tarko kusa da wani tafki, suna jiran isowar wani jan kifi da ake kira sokai, wanda yake ɗaya ne daga cikin dangin salmon. Shi wannan tafki sunansa Redfish, watau tafkin jan kifi, domin a zamanin da, idan lokaci ya yi, dubbai suke zuwa har ruwan ya rine. A wannan shekara kuwa ƙwaya ɗaya tak ya iso. Namiji ne. Ya taso daga teku, ya yi tafiyar mil 900 yana hawan ruwa, ya ƙetare madatsun ruwa takwas, ya hau tudun da ya kai ƙafa 6,500, ya iso gida ya tarar babu mace ko ɗaya. Suka sa masa suna Lari Mai Kaɗaici, suka ɗebi maniyyinsa suka daskarar da shi, don kada irin ya ɓace daga duniya.

Tun kafin wannan an fara aikin ceton kifin, amma daga nan aka daɗa zuba dukiya wajen gyaran koguna da rafuka, har aka shekara fiye da talatin ana yi. Tambayar da ta saura ita ce wadda kowane attajiri yakan yi wa yaronsa idan ya komo daga fatauci: an ga fitar uwar kuɗi, to, ina riba? Amsar wannan tambaya ta yi wa masanan ƙasar wuya fiye da yadda suka zata.

Sai an san halin kifin kafin a gane lissafin. Salmon kifin ƙasashen sanyi ne, babu shi a kogunan Afirka ta Yamma. Wanda ake zancensa a nan shi ne na gaɓar Tekun Fasifik, daga Kalifoniya har Alaska. Iri-iri ne. Akwai shinuk, shi ne babbansu, akwai koho, akwai sokai, akwai kuma ɗan'uwansu sitilhed. Uwa takan haƙa rami da wutsiyarta cikin tsakuwa a gindin rafi mai sanyi, ta zuba ƙwai kamar 2,000 zuwa 5,000, namiji ya barbare su, ta rufe su da tsakuwa. 'Ya'yan koho sukan shekara a rafin, sa'an nan su gangara teku su yi wajen shekara ɗaya da rabi suna kiwo, kana su komo. Shinuk kuwa galibi sai ya cika shekara uku zuwa biyar. Abin al'ajabi, mafi yawansu ba su komowa sai rafin da aka ƙyanƙyashe su, da ƙanshin ruwan suke gane hanya. Daga sa'ad da kifin ya bar ruwan gishiri ya daina cin abinci. Da kitsen jikinsa yake tafiya, ya hayayyafa, ya mutu a wurin, gawarsa ta zama abincin tsuntsaye da namun daji da takin itatuwan bakin rafi.

Ashe falke ne: gida ɗaya, hanya mai tsawo, zango da yawa, kasuwa mai nisa. Mai gyaran rafi kuwa gidan kaɗai yake gyarawa.

Babban kogin wannan yanki sunansa Kolombiya, kada a rikita shi da ƙasar nan ta Amurka ta Kudu mai wannan suna. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hawansa kowace shekara, kabilun asalin ƙasar suna rayuwa a kansa kamar yadda Bahaushe yake rayuwa a kan gero da dawa. A 1866 aka buɗe ma'aikatar farko ta cusa kifi a gwangwani a bakin kogin, kuma a 1883 shinuk ɗin da aka kama ya haura laba miliyan 40 cikin shekara guda. Masu saran katako suka riƙa tare rafi su tara gumagumai, sa'an nan su saki ruwan gaba ɗaya ya kwashe su zuwa gidan faskare, yana kankare tsakuwar ƙwai har sai dutse ya fito. Manoma suka miƙar da rafuka kamar lambatu, shanu suka tattake gaɓa. Daga baya manyan madatsun lantarki suka zo: Bonneville a 1938, wadda aka yi wa matakalar da kifi zai bi, da Grand Coulee a 1942, mai tsawon ƙafa 550, wadda ba a yi wa matakala ba, ta rufe wa kifi fiye da mil 1,000 na ruwan haihuwarsa.

Tufka da warwara

Gyaran farko da aka yi shi ne abin da ya fi kamata masu gyaran yau su riƙa tunawa da shi. Daga wajen 1950 zuwa 1970 da 'yan kai, hukumomin kifi na jihohin Oregon da Washinton sun haƙiƙance cewa itatuwan da suka faɗa cikin rafi suna tare wa kifi hanya. Aka sa ma'aikata da injuna suna tsamo gumagumai suna share rafuka tas, har aka wajabta wa masu saran katako su yi haka. Kowa yana ganin aiki, domin rafi ya yi kyau ga ido. Sai daga baya masu bincike suka gano cewa gungumen nan shi ne ɗakin kifi. Shi yake karya ƙarfin ruwa, ya haƙa gurbi mai zurfi, ya tara tsakuwa, ya ba ƙananan kifi maɓoya lokacin ambaliyar hunturu. Rafin da aka share ya zama kwararo, ruwa ya wanke 'ya'yan kifi tun ba su isa tafiya ba. Daga 1980 da 'yan kai sai aka juya, ana biyan kuɗi ana mayar da itace inda aka biya kuɗi aka cire shi, wani lokaci har da jirgi mai saukar ungulu. Babu mugun nufi cikin aikin farko. Abin da ya rasa shi ne mai ƙirga kifi kafin shara da bayanta.

Mayarwar ma ba ta tsira daga aibi ba. A 1992 waɗansu masana biyu, Frissell da Nawa, suka bayyana abin da suka gani da suka bi gine-gine 161 na itace da dutse da aka kakkafa cikin rafuka 15 a Oregon da Washinton, bayan wata ambaliya wadda ba ta wuce irin da akan yi sau ɗaya cikin shekara biyu zuwa goma ba. A tsaka-tsakin rafukan, kashi 60 cikin 100 na gine-ginen sun lalace ko sun raunana, wajen kashi 18 kuwa sun rushe ɗungum. Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne inda aka sassare dajin saman rafi, yashi da laka suna gangarowa. An ɗinke riga daga ƙasa, alhali daga wuya take yagewa.

Sa'an nan a 2005 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin Emily Bernhardt ta yi abin da ya kamata a yi tun tuni, ta buɗe littattafan lissafi. Suka tara labarin ayyukan gyaran kogi fiye da 37,000 a ko'ina cikin Amurka, ba na salmon kaɗai ba, suka tarar ana kashe fiye da dala biliyan ɗaya kowace shekara tun daga 1990. Cikin waɗannan ayyuka, kashi 10 cikin 100 kaɗai takardunsu suka nuna an koma an duba abin da ya biyo baya. Saura kuwa abin da aka rubuta shi ne kuɗi kaza, itace kaza, mil kaza na gaɓa. Wannan lissafin saye ne. Ɗan kasuwar da yake rubuta abin da ya saro bai rubuta abin da ya sayar ba, ba shi da bakin cewa ya ci riba, ba shi kuma da bakin cewa ya faɗi.

Da'awa da shaida

To, yaya ake kafa shaida a kan rafi? Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga ƙananan kifi a yankin da aka gyara, a kwatanta da yankin da ba a taɓa ba a rafi guda. Philip Roni da Thomas Quinn sun yi haka a rafuka 30, suka bayyana a 2001 cewa 'ya'yan koho a inda aka sa itace sun ninka na inda ba a sa ba sau 1.8 da bazara, sau 3.2 da hunturu. Shaida ce mai kyau, kuma har yanzu ana kafa hujja da ita. Amma akwai suka a kanta wadda duk mai rumfa a kasuwa zai gane nan take. Idan mutum ya kafa inuwa mai sanyi a gaban rumfarsa, jama'a za su taru a wurinsa, amma mutanen garin ba su ƙaru ko da ɗaya ba, daga rumfar maƙwabci suka taso. Tara kifi daban, ƙara kifi daban. Wanda ya ƙirga a gindin gungumen da ya sa da hannunsa bai rarrabe tsakanin biyun ba.

Saboda haka aka koma ƙirga rafi sukutum. Akan kafa wani tarko mai juyawa a kusa da bakin rafin lokacin da 'ya'yan kifi suke gangarawa teku, a ƙirga masu fita. Da kaka kuma ma'aikata su bi rafin da ƙafa suna ƙirga ramukan ƙwai da gawawwakin iyaye. Akwai kuma wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da akan cusa a cikin ɗan kifi, tana ɗauke da lambarsa shi kaɗai, duk inda ya gifta wata waya da aka shimfiɗa a gindin ruwa ko a matakalar madatsa sai lambar ta shiga kwamfuta. Da wannan ake sanin wane ya rayu, wane ya fita, wane ya komo.

Amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin yawan salmon hawa da sauka yake yi ko an gyara ko ba a gyara ba. Cikin ɗari da suka gangara teku daga rafukan Aidaho, a shekaru da yawa wanda yake komowa bai kai ɗaya ba, alhali abin da hukuma take nema shi ne biyu zuwa shida. Idan teku ta yi sanyi abinci ya yalwata, sai ayari ya komo da yawa, mai gyara ya buga ƙirji a kan abin da ba shi ya yi ba. Idan teku ta ɗumama, kamar yadda ta yi daga 2014 zuwa 2016, sai ayari ya ragu, a zarge shi da abin da ba laifinsa ba. A 2015 ma zafin ruwan kogin Kolombiya kansa ya kashe sokai wajen 250,000 a kan hanya, ba su ko ga gidan da aka gyara musu ba. Maganin wannan ruɗani shi ne a ɗauki rafi biyu maƙwabta, masu damina ɗaya da teku ɗaya, a ƙirga su duka shekaru kafin a taɓa ko ɗaya, sa'an nan a gyara ɗaya a bar ɗaya, a ci gaba da ƙirga. Abin da ya same su tare na shekara ne. Abin da ya bambanta su shi ne na gyara. Tun da kuwa zuriya ɗaya ta kifin tana cin shekara uku zuwa biyar, wanda yake son ganin zuriya uku sai ya yi haƙurin shekara goma ko goma sha biyar. Nan ne gizo yake saƙa, domin kuɗin aiki galibi na shekara biyu ne ko uku, kuma mai ba da kuɗi ya fi son hoton gini a kan albashin mai ƙirga.

Akwai wata matsala kuma ta yawan gyaran. A 2010 Roni da abokan aikinsa suka yi lissafi cewa kafin 'ya'yan kifi masu fita teku su ƙaru da kashi 25 cikin 100, sai an gyara wajen kashi ɗaya cikin biyar na mazaunin kifin a rafin, kuma in ana son a tabbata ƙwarai babu kokwanto, sai an gyara shi duka. Abin da aka saba yi kuwa shi ne a yayyafa ƙananan ayyuka nan da can, don kowace gunduma ta sami rabonta. Gishirin da aka raba wa tukunya ɗari ba a jin ɗanɗanonsa a ko ɗaya.

Inda aka cika waɗannan sharuɗɗa an sami amsa. Misali mafi kyau shi ne rafin Bridge, reshen kogin John Day a Oregon. Akwai wata dabbar ruwa a can da ake kira biba, mai kama da gafiya amma ta fi ta girma nesa, tana kayar da itace da haƙori tana tare rafi da shi. Masu neman fata sun kusa ƙarar da ita tun ƙarni na 19, rafin ya zaizaye ya zama kwazazzabo mai zurfi, duk madatsar da sauran biba suka gina ambaliya ta kwashe. Daga 2009 masana suka kakkafa turaku a gindin rafin suka saƙa rassa a tsakaninsu, fiye da wuri 100, don dabbar ta sami abin jingina gininta. Sun fara ƙirga tun kafin su kafa turke ɗaya, sun kuma ajiye wani rafi ba su taɓa shi ba don kwatance. A 2016 suka bayyana cewa yawan 'ya'yan sitilhed ya ƙaru da kashi 168 cikin 100, rayuwarsu ta ƙaru da kashi 52, kuma madatsun ba su hana manya hawa ba. Aiki ne mai araha, turaku ne da rassa, saura dabba ta ƙarasa. Amma a lura, wannan shaida a kan 'ya'ya ce, ba a kan manyan da suka komo daga teku ba.

Babban lissafi

A 1987 majalisar da aka ɗora wa lura da lantarki da kifi a yankin Kolombiya ta ɗauki alkawarin ninka kifin ya kai miliyan 5 a shekara, daga baya aka sa wa'adin 2025. A madatsar Bonneville akwai taga ta gilashi a jikin matakala, kuma tun 1938 ana ƙirga kifin da ya wuce ta wurin, don haka littafin shiga yana nan. A 2023 William Jaeger na Jami'ar Jihar Oregon da Mark Scheuerell na Jami'ar Washinton suka ɗora wannan littafi kusa da littafin kashe kuɗi. Suka tarar an kashe wajen dala biliyan 9 cikin shekara arba'in, kifin da yake komowa tsakanin 2010 da 2019, a matsakaici, bai wuce miliyan ɗaya da rabi a shekara ba, kuma ba su sami wata shaida ba cewa kifin da aka haifa a rafi ya ƙaru saboda wannan kuɗi. Ƙaruwar da suka gani ta kifin gidan ƙyanƙyasa ce.

Wannan bambanci yana da muhimmanci. Tun 1877 ake ƙyanƙyasar salmon a kwatarniya a wannan yanki ana sakinsa, kuma mafi yawan kifin da yake hawan kogin daga nan ya fito. Akan yanke masa wani ɗan ƙaramin fiffike na baya kafin a sake shi, don a gane shi in ya komo. Masunci yana murna da shi, domin a tukunya duk ɗaya ne. Amma ba shi ne shaidar lafiyar rafi ba, kamar yadda hatsin da aka sayo a kasuwa aka zuba a rumbu ba shi ne shaidar albarkar gona ba.

Masu kare aikin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa kuɗin nan ba duka gyaran rafi ya tafi ba, kuma cikin waɗannan shekaru jama'a sun ƙaru, ruwa ya ɗumama, madatsu suna nan daram, saboda haka da ba a yi aikin ba da waɗansu irin sun ƙare. Sokan tafkin Redfish ma yana nan, albarkacin ƙyanƙyasa. Wannan magana tana iya zama gaskiya. Aibinta ɗaya, babu kogin Kolombiya na biyu da aka bari ba a taɓa ba balle a kwatanta, don haka ta tsaya a matsayin da'awar da ba a iya ƙaryata ta, ba a kuma iya tabbatar da ita.

Amfanin komawa a duba ya fi fitowa fili a birnin Siyatil. A shekarun 1990 aka gyara ƙananan rafukan cikin birnin, irin su Longfellow, aka buɗe hanya, aka dasa itatuwa, koho kuwa ya komo. Da an tsaya nan da an rubuta nasara an rufe littafi. Amma masu bin rafi da ƙafa suka riƙa ganin abin tsoro: bayan an yi ruwan sama, kifi yana zagaye a saman ruwa yana buɗe baki, cikin sa'o'i kaɗan ya mutu, a tsaga mace a tarar da ƙwanta cike ba ta zuba ba. A waɗansu rafuka fiye da rabi suke mutuwa haka, wata shekara ma kusan duka. An yi wajen shekara ashirin ana neman dalili. Sai a ƙarshen 2020 masana na jami'o'in jihar Washinton suka tace shi daga cikin sinadarai fiye da 2,000. Ashe wani magani ne da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage, sunansa 6PPD, in ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya zama dafi, garin taya ya zube a kan kwalta, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi. An kuma gwada an ga in aka bi da ruwan titi ta cikin yashi da taki kafin ya shiga rafi, kifin ba ya mutuwa. Itace dubu da za a zuba a wannan rafi ba zai ceci koho ɗaya ba, domin cutar daga titi take.

Idan aka tattara shaidun, abin da suka fi haɗuwa a kansa shi ne jerin da Roni da waɗansu suka daɗe suna faɗa: a fara tsare rafin da bai lalace ba, sa'an nan a buɗe wa kifi hanya zuwa ruwa mai kyau da aka rufe masa, kana a gyara abin da yake lalata rafin daga tudu, gine-ginen cikin ruwa su zo daga ƙarshe. Buɗe hanya shi ne wanda amsarsa take fitowa da sauri. A kan haka ne kabilun asali na jihar Washinton, waɗanda yarjejeniyar 1854 da 1855 ta ba haƙƙin kamun kifi, suka kai ƙarar jiha a kan kwalbatocin da suke tare rafuka a ƙarƙashin tituna. A 2013 alƙali ya umarci jiha ta gyara su, a 2018 Kotun Ƙoli ta bar hukuncin a tsaye.

Kafin na kogin Klamath, gwaji mafi girma na buɗe hanya an yi shi a kogin Elwha, a wannan jiha. Madatsu biyu aka gina a kansa, ɗaya a 1913 mil biyar daga teku, ɗaya a 1927, babu matakala ko ɗaya, alhali dokar jiha ta wajabta a bar wa kifi hanya. Kogin da aka ƙiyasta yana karɓar kifi kusan 400,000 a shekara, har da shinuk mai nauyin laba 100, ya koma 'yan dubbai. Majalisar ƙasa ta yi dokar gyaransa a 1992, aka fara rushewa a Satumba 2011, aka gama a Agusta 2014, dukan aikin ya ci fiye da dala miliyan 300. A nan an ƙirga kafin, an ƙirga bayan, har da na'urar da take ganin kifi da amo cikin ruwa mai laka. Shekarun farko sun yi muni, domin lakar da ta taru shekara ɗari ta gangaro ta binne tsakuwa, ta kashe ƙananan kifi. Wanda ya yanke hukunci a 2013 da ya ce an yi ɓarna. Bayan ruwa ya kwanta, kifi ya hau inda rabonsa da shi ƙarni guda. Sitilhed na bazara, wanda aka ɗauka ya ƙare, ya farfaɗo daga danginsa da suka maƙale a saman madatsa. Koho ya ƙaru har a Oktoba 2023 kabilar Elwha Klallam, bayan shekara goma sha biyu da ajiye taru, ta koma kamunsa da iyaka, kifi 400 kawai. Shinuk kuwa a shekaru goma na farko bai kai dubu goma a shekara ba, kuma fiye da tara cikin goma na masu komowa 'yan gidan ƙyanƙyasa ne. Kogi ɗaya, aiki ɗaya, amma kowane iri da amsarsa, kuma tsakanin wannan da 400,000 akwai tafiya.

Yanzu idanu sun koma kogin Klamath, tsakanin Oregon da Kalifoniya, inda manyan salmon fiye da 30,000 suka mutu a 2002 saboda ƙarancin ruwa da cuta. An rushe madatsu huɗu a kansa tsakanin 2023 da 2024, aka buɗe wajen mil 400 na ruwa. Shi ma ya fara da hasara, domin a farkon 2024 an saki 'ya'yan shinuk kamar 830,000 daga gidan ƙyanƙyasa, da yawansu suka mutu wajen bi ta ramin wata madatsa da ba a gama rushewa ba. Amma a Oktoba 2024, makonni kaɗan bayan gama aiki, aka ga shinuk a ɓangaren Oregon na kogin, abin da ba a gani ba tun 1912, kuma na'ura ta ƙirga dubbai suna wuce gurbin tsohuwar madatsa. Waɗannan baƙi ne, a ƙasan madatsa aka haife su. 'Ya'yan da suka zuba a sabuwar tsakuwa a wannan kaka, akasarinsu sai kakar 2027 da ta 2028 ake sa ran komowarsu daga teku, kuma su ne masu ƙirga suke jira.